Asusun ISA da bashin gida: lissafin da ya hana ni barci da abin da na yanke

Wasiƙar ta iso mana ne wajen ƙarshen 2023, daga bankin da muka sayi gidanmu tare da su a nan Ingila, wai wa'adin shekara biyun da aka tsayar mana da kuɗin wata ya cika, ga sabon abin da za mu riƙa biya. Wallahi sau uku na karanta lambar ina duba ko kuskure aka yi. Mun sa hannu a 2021, lokacin babban bankin Ingila ya sauke kuɗin ruwansa zuwa 0.1 cikin ɗari, zuwa watan Agustan 2023 kuwa ya kai 5.25, to duk mai bashin gida a ƙasar nan ba sai an yi masa bayani ba, ya ji a jikinsa. Namu ma ba mogej na ruwa ba ne, wato bashin sayen gida mai kuɗin ruwa, tsarin musharaka ne na bankin Musulunci, wato mu da banki muka haɗa kuɗi muka sayi gidan, muna biyansu haya kan kasonsu muna kuma sayen kason kaɗan-kaɗan duk wata har ya zama namu gaba ɗaya. Amma hayar da farashin kasuwa ake auna ta, in kuɗin ruwa ya tashi a gari ita ma sai ta bi sahu.

A daren nan maman yara ta kalle ni ta ce, Abban yara, wai kuɗin nan da kake tarawa a ISA ɗinka tun shekarun baya, me zai hana ka kwaso su mu rage kason bankin nan mu samu sauƙi? Na ce mata ai suna haihuwa a can cikin ISA ɗin, wato asusun tara kuɗi da haraji ba ya taɓawa, bai kamata a taɓa su ba. Ta ce to haihuwar tasu ta kai abin da ake karɓa a hannunmu duk wata? Nan na yi shiru, don gaskiya ban taɓa zama na auna biyun gefe da gefe ba. Bayan kwana biyu kuma wani abokin aikina ya zo min da akasin haka, ya ce shi da shi ne ba zai biya ko kwabo daga uwar bashi ba, zai riƙa biyan ruwa zalla ne, sauran ya zuba a hannun jari ta ISA, in shekara 25 ta cika ya ɗebo ya biya banki a dunƙule ya kuma rage canji mai tsoka. Mutum biyu, shawara biyu masu karo da juna, kuma kowanne da hujjarsa. Abin da ya sa na zauna da biro da takarda kenan na yi kusan sati uku ina juya maganar.

Bara in fara da ISA ɗin kansa saboda waɗanda ba su daɗe da zuwa ba. ISA ba jari ba ne, jaka ce kawai da gwamnati ta ce duk abin da ka zuba a cikinta haraji ba zai taɓa shi ba. An fara shi a watan Afrilun 1999 zamanin da Gordon Brown ke ministan kuɗi, ya maye gurbin wasu tsare-tsare biyu da suka gabace shi, PEP da TESSA. Tun 2017 abin da mutum ɗaya zai iya zubawa a shekara fam 20,000 ne, shekarar haraji kuma tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun gaba, in ba ka cike kasonka ba ya wuce kenan, ba a ɗaga maka shi zuwa baɗi. Akwai na ajiyar tsabar kuɗi, akwai na hannun jari, wanda shi ne maganarmu. A cikin na hannun jarin in kamfanoni suka raba riba ba haraji, in ka sayar ka ci riba ba haraji, in ka ciro kuɗinka ba haraji, ba ma sai ka rubuta shi a takardar harajinka ba. Miji da mata kowa da nasa kason, kun ga gida ɗaya zai iya ɓoye fam 40,000 a shekara, in akwai su.

Kuma darajar jakar nan ƙaruwa take yi, don a waje gwamnati sai ƙara matse igiya take. Ribar sayar da hannun jari da ake yafe wa haraji a shekara fam 12,300 ce a da, aka mayar da ita 6,000 a 2023, aka sake rage ta zuwa 3,000 a 2024. Rabon ribar kamfanoni da ake yafewa ya sauko daga 2,000 zuwa 1,000 zuwa 500. Tun ƙarshen Oktoban 2024 harajin ribar sayarwar ma ya koma 18 ko 24 cikin ɗari gwargwadon samun mutum. To duk wanda zai sa kuɗi a hannun jari a ƙasar nan kuma bai bi ta ISA ba, gaskiya yana kyautar da haƙƙinsa ne. A kan wannan ni da abokin aikina ba mu da saɓani ko kaɗan.

Inda muka rabu shi ne ɗora rufin gida a kan wannan jakar.

Ga lissafin da na yi, na ɗauki lambobi masu sauƙi don a gane. A ce bashin fam 200,000 ne, shekara 25, kuɗin ruwa ko haya 5 cikin ɗari. In kana biyan uwa da ruwa tare, wajen fam 1,169 za ka riƙa bayarwa duk wata, ranar ƙarshe ba a bin ka komai. In ruwa zalla kake biya, fam 833 ne, amma bayan shekara 25 ɗin 200,000 na nan daram tana jiranka. Bambancin fam 336 ne a wata, su ne abokin nawa yake cewa a zuba a ISA. In kasuwa ta yi kirki ta ba da 7 cikin ɗari duk shekara, 336 ɗin nan za su zama wajen fam 272,000, ka biya banki ka tsira da 72,000. Daɗi ko? In ta ba da 5 cikin ɗari, za ka tashi da 200,000 cif, wato ka yi shekara 25 da fargaba ka dawo daidai inda mai biyan uwa da ruwa ya tsaya ba tare da ya yi fargabar komai ba. In kuwa 3 ta ba da, wajen 150,000 za ka gani, ana bin ka 50,000, ga ka da furfura ga ritaya ta matso, banki kuma ba ruwansa da cewa kasuwa ce ta ƙi.

Abin da ya buɗe min ido a lissafin nan shi ne wannan layin na tsakiya. Duk fam ɗayan da ka rage daga bashi, ya hana a karɓi 5 cikin ɗari a kansa duk shekara har ƙarshen wa'adi, kuma wannan ragin tabbatacce ne, ba ya jiran labarin kasuwa, sannan shi ma babu mai cire maka haraji a kansa. Mutane suna ta maganar ISA ba haraji ISA ba haraji, sun manta rage bashi ma ba haraji. Kenan yafe harajin bai ba ISA wani fifiko a kan biyan bashi ba, abin da ya yi kawai shi ne ya hana shi farawa daga baya. Da a wajen ISA ka tara 272,000 ɗin nan ka sayar rana ɗaya, da harajin ribar zai lashe wani abu tsakanin fam dubu 30 da dubu 40, to ISA ya tsare maka wannan, madalla, amma bai yi maka alkawarin cewa 272,000 ɗin za su zo ba. Tambayar da ta rage ita ce ko kasuwa za ta ba ka fiye da abin da banki ke karɓa, bayan an cire kuɗin dillalai, na tsawon shekarun da kai kake buƙata. A 2021 da mutane ke samun mogej ƙasa da 2 cikin ɗari, tseren mai sauƙi ne. Da ya koma 5 ko 6, kamar yanda aka gani bayan kasafin kuɗin Satumban 2022 na zamanin firaminista Liz Truss da kasuwar bashin gida ta rikice, tseren ya zama na gaske.

Kuɗin dillalai ma kar a raina shi. A lissafin nan nawa, in 7 ɗin ta koma 6 saboda kamfanin da ke riƙe maka asusu da mai juya jarin sun ɗauki 1 cikin ɗari duk shekara, 272,000 sai ta koma wajen 233,000. Kusan fam 39,000 sun tafi a abin da a takarda yake kama da ɗan ƙaramin abu. Na daɗe ina kallon wannan lambar.

Sannan wannan dabarar ba sabuwa ba ce, ƙasar nan ta taɓa gwada irinta kuma ta sha wuya. Akwai wani dattijo Bature maƙwabcinmu, muna gaisawa ta kan shinge in muna share gaban gida, da na ba shi labarin abin da ke damuna sai ya girgiza kai ya ce shi ya riga ya ga ƙarshen wannan hanyar. A shekarun 1980 da farkon 1990 yawancin masu sayen gida a Birtaniya tsarin da ake kira endomen aka sayar musu, ka biya banki ruwa zalla, ka kuma riƙa zuba wani abu duk wata a kamfanin inshora yana juya maka shi a kasuwa, a ce maka in wa'adi ya cika zai biya gidan har ka samu rara. An yi musu lissafi da ribar da ta yi daidai da zamanin tsadar kuɗin ruwa da hauhawar farashi, da zamani ya juya ribar ta sauko sai lissafin ya rushe. Daga wajen shekarar 2000 kamfanoni suka fara aika wa mutane wasiƙu masu launi, kore in kana kan hanya, ruwan ɗorawa in akwai shakku, ja in da alamar kuɗin ba za su kai ba. Shi ja ya samu. Ya ce sai da ya ƙara shekaru yana aiki bayan lokacin da ya so ya huta kafin ya cike giɓin, kuma abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne, a'a, shekarun da ya yi yana kwana da tunanin gidan nasa ne alhali ba nasa ba ne. An biya mutane da yawa diyya saboda an sayar musu da abin ba tare da an faɗa musu haɗarinsa ba. Bayan endomen an yi mogej na PEP, bayan shi aka yi na ISA, jakar ce kawai ke sauya suna.

Na yarda ISA ya fi endomen nesa ba kusa ba, kuɗin hidimarsa kaɗan ne, kana ganin abin da ke ciki kullum a wayarka, kai ke zaɓar inda za a sa kuɗin. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne, bashi mai tsayayyen adadi da tsayayyar rana, an jingina shi da dukiyar da ba ta da tsayayyen adadi a kowace rana. Shi ya sa tun Afrilun 2014 hukuma ta tsaurara doka, banki ba zai ba ka mogej na ruwa zalla ba sai ya ga sahihiyar hanyar da za ka biya uwar, kuma galibi sai ka ajiye kaso mai yawa na kuɗin gidan tun farko. Ba don mugunta aka yi haka ba, an ga abin da ya faru da mutane ne.

Abokin aikina ya ce ai kasuwa in aka ba ta lokaci kullum sama take yi. Akwai gaskiya a ciki, tarihi ya nuna hannun jari ya fi ajiyar banki haihuwa a dogon zango. Sai dai dogon zangon na wa? Ma'aunin FTSE 100 na Landan, mai auna farashin hannun jarin manyan kamfanoni ɗari, ya kai 6,930 a ƙarshen Disamban 1999, bai sake wuce wannan matakin ba sai Fabrairun 2015, shekara 15 kenan, ko da yake wanda ya riƙa mayar da rabon ribarsa ciki ya fita tun kafin nan. A 2008 kaɗai ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku, a farkon 2020 lokacin korona ya sake yin irin wannan faɗuwar cikin 'yan makonni. Na Japan ya fi ban tsoro, ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a Disamban 1989 bai sake ganin wurin ba sai Fabrairun 2024. Mai tara kuɗin tsufa in kasuwa ta faɗi zai iya cewa bari in jira ta farfaɗo. Mai wa'adin banki a wuya ba shi da wannan damar, in ranarsa ta faɗo a shekara irin 2008 to ko ya sayar da asara ko ya sayar da gida. Kuma tsarin kariya na FSCS da ake yawan ambata, wato wanda ke biyan masu ajiya diyya, yana shiga ne in kamfanin da ke riƙe da kuɗinka ya durƙushe, ba ya biyan kowa don farashi ya faɗi.

Sai kuma abin da babu kwamfutar da za ta lissafa maka, wato mu kanmu. Kyawun ISA shi ne kana iya ciro kuɗinka duk ranar da ka so, kuma wannan kyawun shi ne tarkonsa. Shekara 25 kana kallon kuɗi suna taruwa a wayarka, dubu 30, dubu 60, dubu 90, sannan a ce ba za ka taɓa ba? Rashin lafiya zai zo, ɗan uwa zai kira da matsalar da ba za ka iya kau da kai ba, yara za su shiga jami'a, aure zai taso, mota za ta mutu, kuma kowacce buƙata ta gaskiya ce ba almubazzaranci ba. Ni kaina na san sau biyu na ciro daga nawa don abin da ya zama dole, ban yi nadama ba, amma da a ce wannan asusun shi ne kaɗai hanyar biyan gidana da yanzu akwai rami a ciki. Kuɗin da ka riga ka miƙa wa banki ka sayi kasonsa kuwa sun zama bulo, ba mai kiran ka ya ce ka ciro masa ɗaki ɗaya.

Amma fa kar a ce na goyi bayan maman yara ɗari bisa ɗari, don nata ra'ayin ma da inda yake da rauni, kuma na faɗa mata. In muka kwashe komai muka ba banki, ranar da aiki ya tsaya ba za mu iya cin bulo ba, banki kuma ba zai ce tunda kun yi ƙoƙari bara ku huta bana ba, kuɗin wata na nan sai an biya. Mai ISA a gefe yana da abin da zai riƙe gida da shi wata shida ko shekara. Sannan kason ISA in ka ciro ka kashe, shekarun bayan da ka cike sun tafi, sai dai ka sake ginawa a hankali cikin iyakar 20,000 ɗin, in ban da wasu asusun masu sassauci da ke bari ka mayar da abin da ka ciro a cikin shekarar harajin da ka ciro shi. Ga kuma tarar biya da wuri, yawancin bankuna in kana cikin wa'adin da aka tsayar maka da farashi suna barin ka ƙara biyan har 10 cikin ɗari na bashin a shekara, in ka haura a ci ka tara, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a zuba dunƙulen kuɗi shi ne tsakanin ƙarewar wani wa'adi da shiga wani. Kowa ya duba takardarsa don sharuɗɗan ba ɗaya ba ne, musamman mu masu tsarin musharaka.

Wani abu da ban sani ba sai da na bincika, in Allah ya jarrabci mutum da rasa aiki ya je neman tallafin Universal Credit, kuɗin da ke ISA ana lissafa su cikin dukiyarsa, daga fam 6,000 ake fara rage masa, in ya haura 16,000 ba zai samu ba kwata-kwata, amma gidan da yake ciki ba a lissafa shi. Wato fam dubu 40 a ISA da fam dubu 40 a jikin gida ba ɗaya ba ne a idon hukuma. Haka kuma wanda ke da niyyar barin ƙasar, in ka daina zama mazaunin Birtaniya asusunka na nan ba a rufe shi ba, amma ba za ka ƙara zuba komai ba, kuma ƙasar da ka koma ba dole ta girmama yafiyar harajin ba. Da yawanmu muna da wannan tunanin a zuciya, to tsarin shekara 25 da ya dogara da zubi duk wata sai a yi masa kallo na biyu.

Maganar addini kuma ba zan tsallake ta ba don ita ce ta fi min nauyi. Shawarar abokin aikina a asalinta cewa take yi ka riƙe bashin ruwa da gangan tsawon shekara 25 alhali kana da halin rage shi, don ka ci ribar bambanci. Ni zuciyata ba ta ɗauki wannan ba, ko da lissafin ya fita. Na san akwai 'yan uwa da suka shiga mogej na ruwa bisa fatawar lalura, ban zo in yi wa kowa hukunci ba, amma wanda ya shiga don lalura ai abin da ya dace da shi ya nemi hanyar fita da wuri ne. Shi ISA ɗin kansa ba shi da matsala, abin da ka zuba a ciki ne abin dubawa. Akwai asusun haɗakar jari da aka tace bisa shari'a, irin na HSBC da na iShares, suna cire bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca da alade da waɗanda bashi ya yi musu katutu, ɗan abin da ya gauraya na haram a rabon riba kuma ana fitar da shi sadaka. Sai dai a sani, da yake an cire bankuna, irin waɗannan asusun sukan karkata sosai ga manyan kamfanonin fasaha na Amurka, in waɗannan suka yi tuntuɓe za ka ji shi fiye da kowa, kuma kuɗin hidimarsu kan ɗara na gama-gari kaɗan.

Ga zakka. Gidan da kake ciki ba zakka a kansa, amma dukiyar da ke ISA in ta kai nisabi shekara ta zagayo akwai haƙƙin Allah a ciki. Malamai sun yi bayani kala-kala kan yanda ake fitar da ita a hannun jarin da aka ajiye na dogon lokaci, wasu 2.5 cikin ɗari na ƙimar duka, wasu na wani kaso ne kawai na dukiyar kamfanin, kowa ya tambayi malaminsa. Zakka ba asara ba ce, tsarki ce, amma duk Musulmin da ya zana wa kansa 7 cikin ɗari na shekara 25 bai sa ta a lissafi ba to lambar ƙarshen da yake gani ba tasa ba ce.

Wani ya tambaye ni batun Lifetime ISA, wanda gwamnati ke ƙara maka 25 cikin ɗari a kan har fam 4,000 a shekara. Yana da kyau ga mai tara kuɗin sayen gidan farko da bai wuce fam 450,000 ba, ko mai jiran shekara 60, kuma sai kana tsakanin 18 da 39 za ka buɗe. Amma in ka riga ka sayi gida ka ce za ka ciro kafin 60 ka biya bashi, za a cire maka 25 cikin ɗari na abin da ka ciro, wanda ya fi abin da aka ba ka. Na fansho ma haka, akwai masu jiran kaso ɗaya cikin huɗun da ake ba su ba haraji su biya gida da shi, sai dai ba a taɓa shi sai shekara 55, daga 2028 ma 57, kuma abin da za ka ci a tsufa ne kake ragewa.

To me muka yi? Mun zauna ni da ita bayan yara sun kwanta, muka fara ware kuɗin da zai riƙe gidan wata shida muka ajiye inda ba ya hawa ba ya sauka, wannan ba za mu sa shi a kasuwa ba, ba kuma za mu biya banki da shi ba. Daga abin da ya rage a ISA na ciro wajen rabi, muka sayi ƙarin kason banki kafin mu sa hannu a sabon wa'adi, hayar wata ta ɗan sauko, kuma wallahi ranar da na ga sabon kason namu a takarda na ji wani sanyi da lambobin waya ba su taɓa ba ni ba. Sauran rabin na bar shi a asusun da aka tace. Tsarin biyanmu bai canza ba, duk wata muna sayen kaso muna biyan haya, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi ranar ƙarshe gidan namu ne in Allah ya kai mu. Rarar da ke saura a ƙarshen wata muna raba ta biyu, rabi ƙarin biya, rabi ISA, in haya ta yi tsada mu karkata ga banki, in ta yi sauƙi mu karkata ga ISA.

Niyyata da wannan asusun ita ce duk ranar da abin da ke ciki ya kai ragowar kason banki, in ciro in rufe maganar ko da saura shekara takwas ko goma a wa'adi. In muka fara hango ranar, kamar saura shekara biyar, zan fara janye kuɗin daga hannun jari kaɗan-kaɗan zuwa ajiyar da ba ta girgiza, ana iya yin haka daga wani ISA zuwa wani ba tare da an rasa yafiyar harajin ba matuƙar ta hannun kamfanonin aka yi canjin, ba ka ciro da kanka ba. In kuma kasuwa ta ƙi, ba abin da ya ci mu, mu ci gaba da biya kamar kowa har wa'adi ya cika.

Abokin aikina har yanzu yana kan bakansa, kuma mai yiwuwa nan da shekara 20 ya fi ni kuɗi, albashinsa ya fi nawa, ba shi da yara huɗu, in lissafinsa ya gaza yana da inda zai dafa. Na roƙe shi abu ɗaya dai, ya riƙa zama duk watan Afrilu yana auna abin da ya tara da abin da ya kamata a ce ya tara zuwa lokacin, in ya ga giɓi ya ƙara zubi tun da sauran shekaru a gaba. Ya ce zai yi. Mu ma ranar muka tsayar, maman yara ta sayi wani ɗan littafi mai bangon kore, shafi ɗaya ragowar kason banki, shafin da ke kallonsa abin da ke ISA bayan an fitar da zakka, duk 6 ga Afrilu mu rubuta sabbin lambobi mu ga saura nawa su haɗu.